Zogale a Bayan Gida

Duk gidan da ke da ɗan fili a Samaru ko Sabon Gari bai kamata ya rasa zogale ba. Asalinsa Indiya ne, amma ya karɓi ƙasarmu. A dasa reshe da farkon damina inda ruwa ba ya kwanciya, cikin 'yan watanni an fara tsinkar ganye. In ya yi tsawo a sare kansa, sai ya yi rassa.

Ganyen na ɗauke da bitamin A da sinadaran ƙara jini, don haka kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ya wuce abin marmari. Mai son garinsa ya shanya a inuwa, rana tana rage amfaninsa. Saiwa da ɓawo kuwa, mai juna biyu ta nisance su. Mai ciwon suga, kada ka ajiye maganin asibiti saboda zogale.