Mai Rarraba Ƙwallo: Ido Kafin Hannu

A wasan ƙwallon kwando 'yan wasa biyar ne ke wakiltar kowace ƙungiya, amma ɗaya ne ke riƙe da akalar sauran, watau mai rarraba ƙwallo. Bisa doka, daƙiƙa 8 ake ba ƙungiya ta tsallake rabin fili, 24 kuma ta jefa ƙwallo kwando. Duk yaron da ya sunkuya yana duban ƙwallo, to lokaci ya riga ya ƙwace masa.

Saboda haka darasin farko shi ne dunguren ƙwallo da dama da hagu, kai a ɗage. Bob Cousy na ƙungiyar Boston Celtics ta Amurka ya karye a hannun dama yana yaro, tilas ta sa ya ƙware da hagu. Daga 1953 zuwa 1960 babu wanda ya kai shi miƙa ƙwallon da aka ci a gasar NBA.

Darasi na biyu shi ne karanta fili. Wasan uku da uku na tilasta wa yaro yanke shawara nan take: ya kutsa, ya miƙa, ko ya jefa. A nan yake gane cewa inda abokinsa zai isa ake aika ƙwallo, ba inda yake tsaye ba.

Sauran aiki na mai horarwa ne. Yaron da ake yi wa tsawa duk lokacin da ƙwallo ta kuɓuce masa, tsoro zai koya, ba dabara ba.