Akwatin Kifi A Kan Daɓen Katako: Kada Ado Ya Ja Mana Biyan Diyya

Akwatin gilashi na kiwon kifin ado ya shiga gidajen mutanenmu. Da can sai a otal ko ofishin likita muke ganinsa, yanzu kuwa ga shi a falo a Nima da Madina da Aboabo. Inda daɓen siminti ne ko tayil, magana ba ta da yawa. Amma cikinmu akwai waɗanda suka kama haya a tsofaffin gidajen Ridge da Cantonments a Akra ko Nhyiaeso a Kumasi, akwai masu kula da irin waɗannan gidaje, ga kuma 'ya'yanmu da ke Bronx da Landan da Hamburg. A nan ne ake cin karo da daɓen katako, kuma galibi na mai gida ne, ba namu ba.

Mu fara da nauyi, domin shi ne aka fi rainawa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cif. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, yana cin ruwa kusan lita 240. Gilashin kansa, in mai kaurin milimita 10 ne, ya kai kilo 50. A haɗa da tsakuwa da duwatsu da teburin da aka ɗora shi, sai a tashi da wajen kilo 350, wato buhun siminti 7. Wanene cikinmu zai jibge buhun siminti 7 a falon wani, a kan ƙafafu huɗu sirara, ya bar su shekara biyu? To abin da muke yi ke nan.

Mafi yawanmu wurin mai walda muke zuwa ya haɗa mana teburin, da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya yanke ƙafar ya bar bakinta a buɗe. Kowace ƙafa tana ɗauke da kilo 80 zuwa 90, bisa wani ɗan baki mai kaifi. Ko odum, duk da taurinsa, sai ya lotsa. Maganin wannan ba tsada gare shi ba. A sa mai walda ya liƙa faffaɗan falle a ƙarƙashin kowace ƙafa, sannan a yanko filawud mai kaurin milimita 18, ya ɗan fi gindin teburin faɗi, a ɗora teburin a kansa. Da haka nauyin zai bazu maimakon ya taru wuri huɗu. A shafe filawud ɗin da fenti mai hana ruwa, sama da ƙasa da gefuna, a bar shi ya bushe sarai kafin ya taɓa daɓen.

Sai dai a ganinmu ruwa ya fi nauyi ɓarna, kuma ba ambaliya muke nufi ba. Ɗigo ne: wanda ke zuba ranar canjin ruwa, da wanda ke bin bayan gilashi ya gangara ƙafar tebur ba a gani ba. Tsohon daɓen nan na ƙananan yankan katako da kwalta aka manne shi a kan siminti. In ruwa ya shiga tsakanin yankan, katakon ya kumbura, gefunansa su ɗaga, daga baya ya ɓalle. Yanayin ƙasar nan ma yana taimaka wa ɓarnar. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, katako yakan tsuke, tsaga ta buɗe, ruwa ya sami hanya. Da damina kuwa iska a jiƙe take, abin da ya shiga ba ya bushewa. Katakon da ya daɗe da laima kuma, gara ba ta buƙatar gayyata.

Akwai wani tabo baƙi wuluk da ke fitowa daidai inda ƙarfe ya zauna, mutane su yi ta gogawa da sabulu a banza. Dukawanmu sun san sirrinsa. Fatar da aka jeme da bagaruwa, da an shafa mata kuloko, wato ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki, nan take ta yi baƙi. Sinadarin da ke cikin bagaruwa yana cikin wasu itatuwa, irin su kokrodua da emeri a nan Gana, da itacen ok wanda ake daɓe da shi a Amurka da Ingila. Ƙarfe, laima, da irin wannan katako: rini ya kammala. Baƙin yana shiga cikin naman katakon ne, sai an kankare, an wanke da sinadari na musamman, an sake shafa man ƙyalli. Saboda haka ƙarfe tsirara bai kamata ya taɓa daɓen ba ko na kwana ɗaya.

Abin da ake shimfiɗawa ma yana da nasa sharri. Kafet da darduma da buhun algarara suna shan ruwa su riƙe shi a kan katako, su ne mafi muni. Tabarmar roba baƙa, irin ta mota, takan bar rawayan tabo a kan man ƙyallin da ba ya fita. Abin da muka fi yarda da shi shi ne faranti mai ɗan baki, na roba mai tauri ko na gwangwani da aka yi wa fenti, a sa tsakanin tebur da filawud, domin ɗigon ya taru inda ido zai gan shi. A ƙarƙashin filawud kuma a manna siririn abin toshe kwalba ko ƙyallen ulu, don kada ya karce daɓen.

Wanda ya zauna a ƙasar nan lokacin dumsor, musamman a 2015, ya san wuta ba ta sallama in za ta tafi. Ga inda wannan ya shafi maganarmu. Yawanci ana ajiye famfon iska a ƙasa, cikin tebur, tiyonsa ya hau sama ya shiga ruwa. Da wuta ta ɗauke, ruwa na iya biyo tiyon ya dawo, kamar yadda direba ke zuƙo fetur daga tanki, ya yi ta zuba har gari ya waye. Ko dai a ɗora famfon sama da bakin ruwan, ko a sayi ɗan makullin nan da ke barin iska ta wuce amma ya hana ruwa komowa. Masu sayar da kifin suna da shi, bai kai yatsa tsawo ba.

Me ya sa muka damu haka? Saboda gyaran ba kamar da ba ne. An sa kokrodua cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 1992, Gana ta dakatar da fitar da gungumen daji a 1995, aka kuma haramta tsaga katakon sayarwa da injin hannu a 1998. Duk alamun ƙarewar daji ne. Wanda ya je Sokoban a Kumasi ko kasuwar katako ta Akra neman yanki ashirin masu launin daɓen da aka yi shekara 60 baya zai sha yawo, ƙarshe mai gida ya ce a sake falon gaba ɗaya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata 6 gaba, amma mun san shekara biyu ake karɓa. Wanda ya zuba wannan kuɗi ba ya son rigima a ofishin kula da haya saboda kifi biyar. Don haka a nemi yardar mai gida tukuna, a kuma ɗauki hoton daɓen kafin a ajiye komai.

Mazauna tsohon bene mai daɓen katako su ajiye akwatin jikin bango, ya gitta gungumen da ke ƙasa, kada ya bi tsawon guda ɗaya. Kafin a cika ruwa a aro ma'aunin magina a duba. In gefe ɗaya ya yi ƙasa, a cusa siririn katako tsakanin tebur da filawud, domin akwatin da ya karkace haɗin gilashinsa ne ke fara sakewa. A bar tazarar tafin hannu daga bango yadda tsumma zai shiga, a riƙa haska ƙarƙashin da tocila duk Juma'a. In kuma za a matsar da shi, ko da taki ɗaya ne, a kwashe kifin, a juye ruwan duka, a fitar da duwatsun, sannan mutum biyu su ɗaga. Ba a jansa a ƙasa.