Hoton Ɗanki da Kwatancen Gidanki: Wa Ya Ba Da Izinin Yaɗa Su?



Wani dare ina bakin aiki a ɗakin haihuwa, wata baiwar Allah ta sauka lafiya bayan doguwar naƙuda. Ko gama gyara ta ba mu yi ba, ƙanwar mijinta ta zaro waya ta ɗauki hoton jaririn, ta ɗora a sitatus na WhatsApp. Murna ce ta sa ta, ba mugunta ba. Sai dai katin awon maijegon yana ajiye a gefen jaririn, kuma ya fito raɗau a hoton: sunanta, sunan mijinta, ƙauyensu, lambar waya, har da sakamakon gwajin jininta.

Da maijegon ta dawo hayyacinta ta ji abin da ya faru, sai ta riƙo hannuna ta ce, "Sista, don Allah ki ce ta goge." Ta goge ɗin. Amma kafin nan an riga an fara kira ana yin barka, wasu kuma sun tura hoton guruf ɗin dangi. Magana zarar bunu ce, hoto ma haka.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: wannan hoton na wane ne? Na mai wayar da ta ɗauka, ko na uwar da sirrinta ke ciki, ko na jaririn da bai san ma an ɗauke shi ba? Abin mamaki, amsar da ta fi gamsar da ni na same ta ne a dokokin wani wasa na Turawa.

Wasan neman ɓoyayyen akwati

Sunan wasan Geocaching. Kamar wasan ɓuya ne, amma da waya ake yin sa, kuma manya da yara duk suna yi. Mutum zai sami ɗan akwati ko gwangwani, ya sa ƙaramin littafi da 'yan tarkacen kyauta a ciki, ya ɓoye a gindin bishiya ko ƙarƙashin dutse. Daga nan sai ya rubuta lambobin da ke nuna daidai wurin a taswira, ya sa a intanet. Masu nema su bi lambobin da wayarsu har su gano akwatin, su sa hannu a littafin, su mayar da shi inda yake.

Asalinsa daga Amurka ne. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin ƙasar ta daina dagula saƙon taurarin GPS da take yi da gangan, wanda kan sa na'urar farar hula ta yi kuskuren da ya kai kusan mita 100. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a daji kusa da Beavercreek, a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin don ya ga ko za a iya gano shi. Cikin 'yan kwanaki aka gano. Yau akwai irin waɗannan akwatuna sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Ba wasan nake tallata miki ba. A halin da muke ciki a Zamfara, ba uwar da za ta tura ɗanta daji neman gwangwani. Dokokinsa ne abin dubawa. Wanda ya ɓoye akwati shi ne mai shi, shi ke kula da shi, kuma yana da ikon janye shi duk ranar da ya so. Ba a ajiye akwati a filin wani sai da izinin mai filin. Kafin lambobin wuri su fito fili, sai wani mai tantancewa ya duba ya amince. Wanda ya gano akwati ba ya tona maɓoyar ga wasu. Kamfanin da ke riƙe da babban rumbun bayanan wasan kuma ya hana mutum ya kwashe su gaba ɗaya ya je yana rabawa yadda ya ga dama.

Kin ga mutanen nan, a kan gwangwani da fensir, sun zauna sun amsa tambayoyi uku: wa ke da abin, wa ya ba da izini, wa zai gani. Mu kuwa fuskokin 'ya'yanmu da ƙofofin gidajenmu muke sakewa, ba mu yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin ba.

Sanin wuri a ƙasarmu ba abin wasa ba ne

Ba sai na tuna miki 2021 ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a Maradun. Bayan kwana biyu aka ba da umarnin rufe layukan waya a faɗin jihar, an kuma riga an dakatar da kasuwannin mako. Babban dalilin da aka bayar na rufe layukan shi ne a yanke sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, waɗanda muke kira infoma.

Wato hukuma da kanta ta ɗauki labarin wane yana ina, me ya mallaka, yaushe zai fita, a matsayin makami. Da ɗan gari kan ci gari. Infoma ba ya buƙatar wata ƙwarewa idan mu da kanmu mun ɗora komai a sitatus: lefen da aka kawo, buhunan shinkafar da aka girbe a Bakolori, sabon babur, ranar da Alhaji zai tafi cin kasuwar Talata, kayan makarantar yarinya da bajen makarantar a ƙirjinta. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Idan aka jera su, an sami kwatancen gida, da arzikin gida, da lokacin da babu namiji a ciki.

Ko sojoji sun faɗa wannan rami. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna hanyoyin da sojoji ke gudun safe a cikin sansanoninsu a Siriya da Afganistan. Ba wanda ya yi niyyar tona asiri a cikinsu. Kowa dai ya bar na'urarsa tana rubuta inda ya taka.

Abin da hoto ke ɗauke da shi a ɓoye

Idan lokeshan na kyamararki a kunne yake, duk hoton da kika ɗauka yana ajiye wasu bayanai a cikinsa waɗanda ido ba ya gani: rana, lokaci, irin wayar, da lambobin wurin da kike tsaye. Irin lambobin nan ne masu wancan wasa suke bi har su kai gindin bishiya guda a cikin daji.

Idan kika tura hoto a WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar takan cire waɗannan bayanai. Amma idan kika tura shi a matsayin fayil don kada ya dusashe, ko ta imel, ko aka kwafe shi kai tsaye daga wayarki a shagon caji ko wurin mai gyara, yakan tafi da kayansa duka. Kuma ko an cire na ɓoyen, na filin yana nan: lambar mota, allon masallacin unguwa, fentin ƙofa, katin asibiti.

Taswira ta yi mana rana

Kada ki ɗauka cewa nake sanin wuri sharri ne. A aikinmu na lafiya mun ga amfaninsa. A shekarun yaƙi da shan inna, an zana taswirar garuruwa da ƙauyuka da rugage na jihohin Arewa, har da Zamfara, ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam. An kuma riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi da ke rubuta duk inda suka bi. Da yamma sai a duba a ga wace unguwa aka shiga, wace ruga aka tsallake, a sake tura mutane. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana, ranar 25 ga Agusta 2020, cewa yankin Afirka ya rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Bambancin a nan yake: an san dalilin tattara bayanan, an san wanda zai duba su, kuma sawun ma'aikata wayar ke bi. Haka ma idan 'yarki ta hau mota daga Mafara zuwa Gusau ta tura miki lokeshan ɗinta, alheri ne, domin ke kaɗai ta tura wa. WhatsApp ma yana ba ta zaɓi: minti 15, ko awa 1, ko awa 8, daga nan ya tsaya da kansa.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. A watan Yuni na 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman mai karɓar ƙorafi.

A ƙarƙashin dokar, duk makaranta, asibiti, banki ko ƙungiyar agaji da ta karɓi bayananki, ajiya aka ba ta. Kina da haƙƙin sanin abin da za a yi da su da wanda za a ba. Kina da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kanki, da neman a gyara kuskure, da janye izinin da kika bayar, da neman a goge idan babu wani dalili na doka da ya sa a ci gaba da riƙewa. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda aka ba kariya ta musamman. Inda ake buƙatar izini a kan bayanan yaro, wurin iyayensa ko mai riƙonsa ake nema.

Saboda haka idan aka zo unguwa da takarda ko waya ana rubuta sunaye don tallafi, ba rashin kunya ba ne ki tambaya: "Malam, daga wace hukuma? Me za a yi da hoton? Mai unguwa ya san da zuwanku?" Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Haka idan makarantar ɗanki na son sa hotonsa a Facebook don talla, kina iya cewa a'a.

Sai dai akwai inda dokar ta ja baya. Abin da mutum ya yi da bayanai don harkar kansa ko ta gidansa, galibi ba ta shiga ciki. Ma'ana, hukuma ba za ta zo ta tsare miki guruf ɗin dangi ba. Wannan aikinmu ne. Addini ma ya riga ya shimfiɗa mana hanya: Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane. Wanda ya ɗauki hoton tsakar gidanki ya yaɗa ba da saninki ba, ya shigo da baƙi ne ba sallama.

Abin da za ki iya yi yau

Ki buɗe saitin kyamara ki kashe lokeshan. Idan ba ki gane wurin ba, ki sa wanda kika yarda da shi ya nuna miki, ki kuma danna da hannunki don ki iya gobe.

Ki shiga saitin sirri na WhatsApp ki zaɓi waɗanda za su ga sitatus ɗinki. Ba duk lambar da ke wayarki ce ta masoyi ba. Akwai mai kawo itace, akwai ɗan acaɓan da ya taɓa kai ki unguwa, akwai lambar da kin manta ma ta wane ce.

Kafin ki tura hoto, ki dubi bayansa fiye da yadda kika dubi fuskar da ke ciki. Idan akwai kati, baje, lamba ko ƙofar gida, ki yanke.

Labarin tafiya a ba da shi bayan an dawo. Hoton biki a sa shi bayan an watse.

Ɗan wata ba naki ba ne a waya, ko da ke kika yi masa wankan farko. Ki tambayi uwarsa. Idan ta ce a'a, kada ki ce ta cika tsirfa.

Ɗanki da ya fara wayo, shi ma ki tambaye shi. Hoton da kike dariya a kansa yau, yana tsirara a baho ko yana kuka ranar kaciya, zai iya riskarsa yana saurayi a hannun abokai.

Idan za ki kai waya gyara ko caji, ki sa mata makulli. Idan za ki sayar, ki goge komai tukuna.

A guruf ɗin dangi kuma, ku yi yarjejeniya a fili: abin da aka sa a nan, a nan zai tsaya, kuma duk wadda ta ce a cire hoton ɗanta, a cire ba tare da gori ba. Idan babbar yaya ko gwaggo ce ta faɗa, an fi ji, don haka ki fara shawo kanta.

Maijegon nan ta dawo rigakafin mako shida da ɗanta, ya yi ɓul-ɓul abinsa. Ƙanwar mijin ce ta rako ta. Da aka ɗora yaron a sikeli sai na ga ta ɗaga waya, ta tsaya, ta juya ta ce, "Anti, in ɗauka?" Uwar ta kife katin, ta ce, "Ɗauki, amma ni kaɗai za ki tura wa."

Idan za ki ba mu naki labarin, muna maraba, amma ki sakaya sunan unguwarku da na makarantar yaranki. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya rufa mana asiri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.