Koyarwa a Manchester da Birmingham: Ajin da Babu Bulala

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2023 gwamnatin Birtaniya ta ba malaman Najeriya damar neman QTS, wato shaidar cancantar koyarwa a makarantun gwamnati na Ingila. Sai dai damar ta zo da sharaɗi. An keɓe ta ga masu koyar da lissafi ko kimiyya ko harsuna ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16, kuma dole hukumar rajistar malamai ta Najeriya, TRCN, ta shaidi mai nema. Shaidar ma ba aiki ba ce, domin biza sai wata makaranta ta tsaya wa mutum.

Wanda yake da digiri amma bai karanci malanta ba, kwas ɗin PGCE na shekara guda zai yi. Jami'ar Manchester da Manchester Metropolitan, da Jami'ar Birmingham da Birmingham City, duk suna yin sa. Kusan mako 24 na shekarar a cikin aji ake cinye su, a makarantu biyu aƙalla, ɗalibin yana koyarwa, gogaggen malami na zaune a baya yana rubuta inda ya yi tuntuɓe. Idan ya gama ya kama aiki, tsarin da aka fara a 2021 ya ba shi shekara biyu ƙarƙashin mai ja masa gora, an kuma rage masa darussa.

A Satumbar 2024, albashin farko a wajen Landan ya kai fam 31,650 a shekara. In an juya shi zuwa naira sai mutum ya riƙe baki, amma haraji da kuɗin haya suna jira.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin aji. Majalisar dokoki ta hana duka a makarantun gwamnati tun 1986. Malamin da ya taso a Kano ko Zariya, inda gyaran murya kaɗai kan sa aji ya yi tsit, a nan zai haɗu da ɗan shekara 14 da zai dube shi ido cikin ido ya tambaye shi dalili. Abin da ke hannunsa bai wuce gargaɗi ba, sai tsare yaro bayan an tashi, sai kiran iyaye, kuma kowanne sai an rubuta shi. Rubutun nan, da duba aikin yara, da shirin zuwan masu duba makarantu na Ofsted, su ke cin daren malami.

Ta wani ɓangaren ba zai ji baƙunta ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Birmingham Musulmi ne. A unguwanni irin su Small Heath da Alum Rock, ko Moss Side a Manchester, ajin cike yake da 'ya'yan 'yan Pakistan da Somaliya, in azumi ya zo da yawansu tare da malam za su yi shi.

Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta Ingila sun nuna kusan ɗaya cikin uku na sababbin malamai kan bar aikin kafin su cika shekara biyar. Lissafi da kimiyya, darussan da aka nemi 'yan Najeriya su koyar, suna cikin waɗanda aka fi rasa malamansu.