Tafkunan Ƙairawan da darasin da ke cikinsu ga Ƙofar Rini

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe Risala a zaurukan Ƙofar Rini ya san sunan Ƙairawan, domin can ne garin mai littafin, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, kuma can Imam Sahnun ya koyar da fiƙihun Malikiyya. Abin da ba mu cika ji ba shi ne yadda wannan birni na ƙasar Tunisiya, wanda ba ya bakin wani babban kogi, ya shayar da malamansa da almajiransa.

Amsar tana arewa da ganuwar birnin. A tsakanin 860 da 862, Sarki Abu Ibrahim Ahmad na daular Aglabawa ya gina tafkuna biyu da ke haɗe da juna. Ruwan da kwari ya kwaso yakan fara shiga ƙaramin, ya tsaya har laka ta kwanta, sannan tataccen ya tsallaka babban, mai faɗin mita 128 da zurfin kusan mita 5. Daga nan ake tace shi zuwa wasu rufaffun ma'ajiyai inda jama'a ke ɗiba. An gyara tafkunan, an mayar da kewayensu wurin shaƙatawa, kuma tun 1988 UNESCO ta sanya Ƙairawan cikin wuraren tarihi na duniya.

Wanda ya ziyarci wurin zai fahimci cewa magabata sun ɗauki shayar da ruwa ibada. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmin Madina, Sa'ad ɗan Ubada kuma ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa.

Mu a Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, sunayen unguwanninmu irin su Rijiyar Shehu da Rijiyar Ɗorawa shaida ne cewa bakin ruwa aka zauna. Amma yau gidaje da yawa sai sun jira 'yan garuwa kafin a yi alwalar asuba, alhali tsofaffin rijiyoyi na cikewa da shara.

Gyara ba sai da dukiyar sarki ba. Kwamitin masallaci zai iya yashe rijiyar unguwa, ya ɗaure mata baki, ya sa murfi, a rubuta ta waƙafi, a naɗa mai kula. Magada kuma su tuna da burtsatsen da ya lalace idan suna neman abin da za su yi wa iyayensu sadaka mai gudana. Allah Ya sa mu dace.