Antaktika: Yawon Buɗe Ido Inda Babu Gwamnati

Shirinmu na yau zai nufi can ƙuryar kudancin duniya, wato nahiyar Antaktika.

Yawancin masu zuwa can daga Ushuwaya suke tashi, wani gari da ke ƙarshen ƙasar Ajantina. Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Maris. Wato sa'ad da muke fama da hunturu a nan, su can ne yanayi ke ɗan sassauci, rana ta daɗe ba ta faɗi ba. Sassaucin nasu ma dai bai wuce a ce ruwa na gab da daskarewa ba.

Kafin a ga ƙanƙara sai an ƙetare mashigin Direk, kusan kwana biyu a tsakiyar teku. Iska a wannan yanki tana zagaye duniya ba tare da wata ƙasa ta tare ta ba, don haka igiyar ruwa kan yi tsayi ƙwarai. Jiri da amai su kwantar da fasinjoji, a ɗaure kujeru da ƙasan jirgi, mai tafiya a baranda hannu ɗaya a jikin ƙarfe.

Galibin jiragen nan ba irin na shaƙatawa ba ne masu ɗaukar dubban mutane. Ƙanana ne, an ƙarfafa jikinsu saboda ƙanƙara, kuma babu tashar da za su tsaya. Sai a sauke kwale-kwalen roba mai inji, mutum goma ko sama da haka su zauna a gefensa, a kai su gaɓa. Wasu su tuƙa ɗan ƙaramin kwale-kwale a tsakanin duwatsun ƙanƙara, wasu su hau tudu, wasu su kwana a kan dusar ƙanƙara cikin jakar barci. Akwai ma masu tsunduma cikin ruwan da igiya ɗaure a ƙugu, su fito a guje. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wari. Tsuntsayen fengwin, waɗannan masu tafiya a tsaye da ba sa tashi sama, dubbai suke taruwa, kuma tun daga nesa hanci ke sanar da kai, kamar akurkin kajin da ya shekara ba a share ba.

To amma kafin ƙafarka ta taka ƙasa, akwai sharaɗi. Za a bi aljihunka da kalmasar rigarka da injin zuƙe ƙura, kada ƙwayar ciyawa ko ɗaya ta biyo ka. Za ka goge takalmin roba da buroshi, ka tsoma shi cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, a fita da komowa. Tsakaninka da fengwin aƙalla mita 5. Ba a sauke mutum fiye da 100 a wuri ɗaya lokaci guda, jirgin da ya ɗauko fiye da 500 kuwa ba ya sauke kowa. Tun da murar tsuntsaye ta kunno kai yankin, har zama da durƙuso da ajiye jaka a ƙasa an hana.

Wa ya kafa waɗannan dokoki? Antaktika ba ta da shugaba, ba ta da 'yan sanda. Yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ce ta keɓe ta domin zaman lafiya da binciken kimiyya, aka kuma ƙara wata a Madrid a 1991 da ta hana haƙar ma'adinai. A 1991 ɗin ne kamfanonin yawon suka kafa ƙungiyarsu mai suna IAATO, kuma a aikace ita ce ke sa wa mambobinta ido.

Haɗari ma yana nan. A Nuwamban 2007 jirgin Explorer, wanda tun 1969 aka ƙera shi domin irin wannan tafiya, ya yi karo da ƙanƙara ya nutse. Mutum 154 da ke ciki duk sun tsira, bayan sun shafe sa'o'i cikin kwale-kwalen ceto kafin wani jirgi ya iso. Allah Ya kiyaye, teku a kwance take ranar.

A ganina inda gizo ke saƙar shi ne yawan baƙi. Dokokin sun tsara yadda mutum ɗaya zai taka ƙasa, amma babu wadda ta ƙayyade adadin masu zuwa a shekara. A farkon shekarun 1990 'yan dubbai ne, yanzu sun haura 100,000 a kaka guda, kuma galibinsu a gaɓoɓi ƙalilan suke sauka a zirin da ke fuskantar Kudancin Amurka, daidai wuraren da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Kowane fasinja dubban daloli yake biya, don haka da wuya kamfani ya ce baƙi sun isa haka. Ƙasashen yarjejeniyar kuwa ba sa yanke hukunci sai bakinsu ya zo ɗaya, kuma suna nan suna tattauna batun.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.