Bayan Dashen Huhu, Sauran Aiki Ga Ƙafafu

A shekarar 1963 ne Dokta James Hardy ya fara dasa wa ɗan Adam huhun wani, a Jihar Misisipi ta ƙasar Amurka, amma majinyacin bai wuce kwana 18 ba ya rasu. Sai a 1983 Dokta Joel Cooper da abokan aikinsa suka ci nasara a birnin Toronto na Kanada, inda wanda aka yi wa aikin ya ƙara fiye da shekara shida a duniya.

To, da aikin ya kankama sai likitoci suka lura da wani abin mamaki. Mutum ya sami huhu lafiyayye, numfashi ya daidaita, amma da ya ɗan taka sai gajiya ta kama shi. Da aka bincika, sai aka tarar laifin ba na huhu ba ne, na tsokar ƙafafu ne.

Dalili kuwa a fili yake. Mai ciwon huhu yakan yi shekaru yana gudun wahala saboda haki, har tsokarsa ta saki. Kwanciyar asibiti takan ƙara raunana ta. Bugu da ƙari, magungunan da zai sha muddin ransa, don kada jiki ya ƙi baƙon huhun, su ma suna rage ƙarfin tsoka da ƙashi.

Saboda haka ba a barin majinyaci ya daɗe a gado. Da zarar ya farfaɗo akan zaunar da shi, sa'an nan a tayar da shi ya taka. Daga baya sai tuƙa keken da ba ya motsawa daga wuri ɗaya, da hawa matakala, da ɗaga abu mai ɗan nauyi. Akan auna ci gabansa da nisan da ya iya tafiya cikin minti shida.

Wani bincike da aka buga a 2012 daga Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam ya nuna amfanin wannan. An raba majinyata kashi biyu bayan sallama, aka horar da kashi ɗaya har wata uku. Bayan shekara guda, waɗanda aka horar suna tafiyar kimanin minti 85 a kowace rana, sauran kuwa minti 54.

Kada mai karatu ya raina wannan rata ta rabin awa. Cikinta ne mutum ke zuwa kasuwa da kansa, ya ziyarci dangi, ya koma bakin aikinsa ba tare da ya jingina da kowa ba. In an ba ka rijiya ba a haɗa maka da guga. Likita ya ba da huhu, amma jan ruwan na majinyaci ne.